Yadda Ake Auna Labarin Jirgin Yaƙi Kafin a Yaba ko a Kushe

A ƙauyenmu na ƙasar Ringim akwai majalisar da muke zama a gindin darbejiya bayan sallar La'asar, kuma rediyo ne babban baƙonmu. Wata rana ɗan ƙanena da ke karatu a Kano ya zo hutu, ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Kawu, dubi abin mamaki." Bidiyo ne na jirgin yaƙin Amurka samfurin F-35B. Jirgin ya taho a hankali ta gefen wani katafaren jirgin ruwa, wani murfi ya ɗaga a bayan matuƙi, bututun hayaƙinsa na baya ya lanƙwashe ya dubi ƙasa, sai ga shi ya tsaya cak a sama kamar shaho ya hango ɗan tsako, sannan ya sauka a tsaye. Wayar ta zaga hannu-hannu ana ta salati. Da ta isa ga wani dattijo, tsohon makaniken injin niƙa, sai ya kalla har sau biyu, ya mayar wa yaron, ya ce, "Ɗana, na ga rawar da yake yi. To idan ya lalace, a wajen wa ake samun kayan gyaransa, kuma nawa yake ci kafin ya yi wannan rawar?" Yaron ya sosa ƙeya ya ce, "Baba, wannan kam ban duba ba."

Tambayar dattijon nan ita ce ta sa na zauna na tsara wannan jagora, domin duk wanda ya ji a rediyo cewa wata ƙasa ta ƙera sabon jirgin yaƙi, ko Najeriya ta ƙulla cinikin wasu, ya san abin da zai bincika kafin ya shiga sahun masu yabo ko masu kushe. Ba sai mutum ya zama injiniya ba. Wanda ya taɓa sayen injin ban-ruwa ko shanun huɗa da kuɗin aljihunsa ya riga ya san rabin karatun.

Ka fara da tambayar aikin da aka ƙera jirgin dominsa, sannan ka duba aikin da aka ɗora masa bayan an saye shi, domin mafi munin abin da ya faru a tarihin jiragen yaƙi ya fito ne daga tazarar da ke tsakanin waɗannan biyun. Kamfanin Lockheed na Amurka ya ƙera F-104 Starfighter, wanda ya fara tashi a 1954, domin aiki guda: ya haura sama da matuƙar sauri, ya tare jirgin abokan gaba a can ƙololuwa, ya dawo. Saboda haka aka yi masa dogon jiki siriri da gajerun fukafukai marasa kauri, ƙirar da ke ba shi gudu ninki biyu na saurin sauti amma take hana shi yafe wa matuƙi ko ƙaramin kuskure idan yana tafiya a hankali ko yana juyi. Jamus ta Yamma ta saye shi, ta ƙara masa na'urori da nauyi, ta mayar da shi mai ɗaukar bama-bamai da ke bin ƙasa-ƙasa a cikin hazo da ruwan saman Turai, a hannun rundunar sama da ba a daɗe da sake kafa ta ba a 1956, wadda matuƙanta da makanikanta ba su gama gogewa ba. Cikin jirage 916 da ƙasar ta mallaka, 292 sun yi haɗari, matuƙa fiye da 100 suka mutu, har Jamusawa suka laƙaba masa sunan da ke nufin mai jefa mata takaba.

Kada ka tsaya a nan ka ce jirgin ne kawai mugu, domin labarin yana da saura. Sifaniya ta yi amfani da irinsa daga 1965 zuwa 1972, a sararin samaniya mai haske kuma a kan aikin da aka ƙera shi dominsa, ba ta rasa ko ɗaya ba. A Jamus ɗin ma, bayan da Janar Johannes Steinhoff ya karɓi ragamar rundunar a 1966, ya gyara horo da tsarin kula da jiragen, aka kuma sauya kujerar da ke cilla matuƙi waje idan jirgi zai faɗi, haɗarin ya ragu sosai. Wanda ya ɗaura wa dokin sukuwa garma, idan gona ba ta huɗu ba kuma doki ya karye, ba a kan dokin za a fara bincike ba.

Daga nan sai ka ƙirga iyayen gidan da jirgin yake yi wa aiki. A 1961 sakataren tsaron Amurka Robert McNamara ya dage cewa sojojin sama da na ruwa su yi tarayya a kan jirgi ɗaya domin a rage kashe kuɗi, abin da ya haifi F-111. Sojojin sama suna son babban jirgi mai nisan zango da zai kai bama-bamai, na ruwa kuwa suna son wanda zai sauka a kan jirgin ruwa ya kare rundunarsu. Samfurin sojojin ruwa ya yi ta ƙara nauyi har aka soke shi a 1968, suka koma suka ƙera nasu, wato F-14. Ostireliya da ta yi odar guda 24 a 1963 ba ta karɓe su ba sai 1973. Taura biyu ba ta taunuwa, amma bayan shekara 40 sai aka sake gwadawa da taura uku. A watan Oktoba na 2001 Lockheed Martin ya doke Boeing ya sami kwangilar F-35, jirgi ɗaya mai samfuri uku: na A mai tashi daga titin jirgi na yau da kullum, na C mai sauka a jirgin ruwa, da na B, wanda muka gani a waya, mai sauka a tsaye. Domin na B ya iya wannan sauka, dole a bar gurbin wata ƙatuwar fanka a bayan matuƙi, kuma masu sukar shirin suna cewa wannan buƙata ta samfuri ɗaya ta yi tasiri a kan faɗin jikin sauran biyun da ba sa buƙatarta. An yi alkawarin cewa samfuran uku za su yi tarayya a kan kusan kashi 70 cikin 100 na sassansu, amma daga baya shugaban shirin, Janar Christopher Bogdan, ya ce tarayyar ba ta wuce kashi 20 zuwa 25 ba. Idan ka ji an ce jirgi ɗaya zai yi aikin kowa, ka nemi sanin wanda ya sadaukar da buƙatarsa domin hakan ya yiwu.

Batun farashi shi ne inda aka fi ruɗa jama'a, don haka zan daɗe a kansa. Jirgin yaƙi yana da farashi uku, kuma mai son yabo da mai son kushe kowanne yakan ɗauko wanda ya dace da maganarsa. Akwai kuɗin ƙera jirgin shi kaɗai a masana'anta. Akwai kuɗin shirin gaba ɗaya, wanda ya haɗa da shekarun bincike da zane da gwaji, ana raba shi a kan yawan jiragen da aka ƙera. Sannan akwai kuɗin riƙo, wato mai, da kayan gyara, da albashin makanikai, da horon matuƙa, har ranar da za a yi wa jirgin ritaya.

Domin ka gane na biyun, ka ɗauka gidaje 100 sun amince su haƙa rijiyar burtsatse ta naira miliyan 5, kowane gida zai ba da dubu 50. Bayan an gama haƙa sai gidaje 80 suka janye, ya zama 20 ɗin da suka rage kowanne zai biya dubu 250. Rijiyar ba ta ƙara zurfi ba, ruwanta bai ƙara daɗi ba, masu raba kuɗin ne suka ragu. Haka ya faru da B-2, jirgin Amurka mai ɓuya daga na'urar rada: an shirya ƙera 132, sai Tarayyar Sobiyet ta rushe aka tsaya a kan 21, shi ya sa ake cewa kowane ɗaya ya ci kusan dala biliyan 2. Shi ma F-22 an fara da niyyar ƙera 750, aka ƙare da 187 na aiki, aka rufe ƙirarsa a 2011. Abin yakan zama zagaye: farashi ya tashi, majalisa ta rage adadi, ragin ya ƙara tada farashin kowane ɗaya, majalisa ta sake ragewa. Saboda haka duk lokacin da aka faɗa maka farashin jirgi ɗaya, ka tambaya a kan jirage nawa aka raba.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Lokacin da Najeriya ta yi cinikin jiragen A-29 Super Tucano guda 12 a kan kusan dala miliyan 500, mutane da yawa sun raba kuɗin gida 12 suka ce an yi sata, ba tare da lura da cewa cinikin ya ƙunshi makamai, da kayan gyara, da horo, da aikin gine-gine a sansanin Kainji ba. Amma akwai wata tambaya dabam da ta tada ƙura a 2018, wato cire dala miliyan 496 daga asusun rarar kuɗin mai kafin majalisar dokoki ta amince. Tambayar ko kaya sun yi tsada dabam take da tambayar ko an bi ƙa'ida wajen biya, kuma mai son adalci ba ya cakuɗa su, ko da kuwa yana son gwamnatin ko yana ƙinta.

Farashi na uku shi ne wanda dattijon nan ya tambaya, kuma shi ne mafi girma. Ofishin binciken kuɗin gwamnatin Amurka, GAO, ya ƙiyasta a 2024 cewa shirin F-35 zai ci fiye da dala tiriliyan 2 a tsawon rayuwarsa, kuma kusan tiriliyan 1.6 daga ciki kuɗin riƙo ne. Ofishin ya kuma ba da rahoton cewa a watan Maris na 2023 kusan kashi 55 cikin 100 na jiragen ne kawai suke a shirye su fita aiki. Idan ƙasar da ta ƙera jirgi tana fama haka, ka auna halin wadda ta saya daga nesa. Mun taɓa ɗanɗana wannan. A 1984 Najeriya ta fara karɓar jiragen Jaguar guda 18, ƙirar haɗin gwiwar Birtaniya da Faransa, jirage masu ƙarfi a zamaninsu, amma kafin su cika shekara 10 an ajiye su saboda tsadar riƙo, suka yi ta zama a ƙasa har suka tsufa.

Ni ban taɓa ganin Jaguar da idona ba, amma na ga ƙanwarsa. Ƙungiyar manomanmu ta taɓa samun tarakta sabuwa dal, ranar da ta iso har da makaɗa da guɗa. Ta yi damina biyu tana aiki, a ta uku wani ƙaramin famfon mai ya mutu, aka zaga kasuwar kayan gyara ta Kano ba a sami irinsa ba, aka ce sai an aiko daga waje, kuɗin ƙungiya kuwa duk ya tafi a biki da man dizal. Yau tana nan a bayan makarantar firamare, tayoyinta sun nutse cikin yashi, kaji suna ƙwai a ƙarƙashin kujerar direba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, mu ne muka saya ba mu tanadi abin tara ba.

Tare da kuɗin riƙo, ka bincika wanda yake riƙe da makullin kayan gyara, domin sayen jirgin yaƙi ƙulla zumunci ne na shekara 30 ko 40 da ƙasar da ta sayar. Iran ta sayi F-14 daga Amurka a zamanin Sarki Shah, bayan juyin juya halin 1979 aka rufe mata ƙofa, ta koma tana cire sassan wani jirgi tana sa wa wani. Turkiyya ta kasance cikin ƙasashen da ke ƙera sassan F-35, amma aka fitar da ita daga shirin a 2019 saboda ta sayi makaman kariyar sama na S-400 daga Rasha. Cinikin Tucano ɗinmu ma gwamnatin Obama ta dakatar da shi, sai a 2017 gwamnatin Trump ta amince, kuma rukunin farko bai iso ba sai watan Yuli na 2021.

Sai kuma ka tambaya ko an gama gwada jirgin kafin a fara ƙera shi da yawa. An fara ƙera F-35 domin sayarwa alhali gwajinsa bai yi nisa ba, bisa dogaro da cewa lissafin kwamfuta zai gano matsaloli tun kafin su bayyana. Da matsalolin suka bayyana a zahiri, dole aka riƙa mayar da jiragen da aka riga aka biya kuɗinsu ana yi musu kwaskwarima, har babban jami'in sayen makamai na ma'aikatar tsaron Amurka, Frank Kendall, ya bayyana a 2012 cewa wannan tsari saɓa ƙa'idar sana'a ne. Sauri ya haifi nawa. Wani lokaci kuma ba gwaji ne ya gaza ba, hasashe ne: an ƙera F-4 Phantom ba tare da bindiga a jikinsa ba saboda an ɗauka makami mai linzami ya kawo ƙarshen faɗan gaba da gaba a sama, sai yaƙin Biyetnam ya nuna akasin haka, aka dawo aka sa wa samfurin F-4E bindiga.

Kafin ka yarda da kowace magana, ka duba bakin da ta fito. Kamfani yana talla, abokin hamayyarsa yana kushe, ɗan majalisar da masana'antar take mazaɓarsa yana kare aikin mutanensa, janar ɗin da ya yi rayuwarsa a wani samfurin jirgi ba ya son a yi masa ritaya. Akwai kuma toshiyar baki tsagwaronta. A 1976 binciken majalisar dattawan Amurka ya tona cewa Lockheed ya raba miliyoyin daloli ga manyan mutane a ƙasashen waje domin samun ciniki, abin da ya sa Yarima Bernhard na Holan ya ajiye muƙamansa, aka kama tsohon firaministan Japan Kakuei Tanaka, Amurka kuma ta kafa dokar hana bai wa jami'an ƙasashen waje cin hanci a 1977. A ganina rahoton masu binciken kuɗi da zaman sauraron majalisa sun fi kowane bidiyon talla amfani, duk da cewa ba su da daɗin kallo.

Adalci ya wajaba a nan, domin shiri yana iya lalacewa amma ya haifi jirgi mai kyau. F-111 da aka yi ta zagi ya yi wa Ostireliya aiki har 2010. F-35 kuwa an ƙera fiye da 1,000, kuma ƙasashe masu tsantseni da kuɗinsu kamar Finlan da Suwizalan sun zaɓe shi a 2021 bayan sun gwada shi da abokan takararsa. Saboda haka ka yanke hukunci biyu dabam-dabam, ɗaya a kan yadda aka tafiyar da kuɗi da lokaci, ɗaya a kan abin da jirgin yake iya yi a yau.

Idan labarin ya shafi Najeriya, ka ɗora duk waɗannan a kan irin yaƙin da muke ciki. Abokin gabarmu a Zamfara da Katsina da Borno ba shi da rundunar jiragen sama, yana kan babur ne a cikin daji, yana kuma cuɗanya da talakawan da ake son a kare. Jirgin da ke gudu fiye da sauti yakan wuce daji cikin ƙiftawar ido ya shanye mansa, shi ya sa Tucano, wanda farfela ce ke jansa ba injin jet ba, ya fi dacewa da wannan aiki ta fuskar daɗewa a sama da sauƙin riƙo, ko da yake a majalisarmu an raina shi da aka ga hotonsa. Wannan ba ya nufin aikin ba shi da haɗari, domin a watan Yuli na 2021 'yan bindiga sun harbo jirgin Alpha Jet a yankin Zamfara, matuƙin ya tsira da lema. Mafi muhimmanci kuma, ingancin jirgi ba ya maye gurbin ingancin bayanan da aka ba matuƙi. A ranar 17 ga Janairun 2017 jirgin sojin sama ya jefa bam bisa kuskure a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a jihar Borno, a ranar 3 ga Disambar 2023 kuma jirgi maras matuƙi na sojojin ƙasa ya faɗa wa masu Maulidi a Tudun Biri ta jihar Kaduna. A duka biyun makami ya sauka inda aka auna, aunawar ce ta kasance kuskure. Don haka idan aka sanar da sabon ciniki, ka saurara ka ji ko an ambaci na'urorin gani, da horon masu tantance abin da za a kai wa hari, da hanyar sadarwa tsakanin na ƙasa da na sama.

Mataki na ƙarshe shi ne mafi sauƙi, kuma shi ne wanda nake yi da kaina. Ka sami ɗan littafi ka riƙa rubuta sunan jirgi, da adadin da aka ce an saya, da shekarar da ya iso, sannan bayan shekara biyar ka saurari nawa ake ambata suna aiki. A nawa littafin na rubuta F-7 guda 15 daga ƙasar Sin, cinikin 2005, a gefe kuma na sa alamar biyun da suka yi karo a Abuja a watan Satumbar 2018 lokacin atisayen bikin 'yancin kai. Na rubuta JF-17 guda 3 daga Pakistan, waɗanda aka ƙaddamar a Makurɗi a watan Mayun 2021, da Tucano 12 su ma na 2021. A layin ƙasa na rubuta M-346 guda 24 daga kamfanin Leonardo na Italiya, na bar fili a gabansa, kuma na gaya wa ɗan ƙanena cewa idan ya dawo hutu na gaba ya zo wa Baba makanike da amsar inda za a riƙa samun kayan gyaransu.